Yadda ake shiga kwamfutar ofis daga gida, ko da babu kowa a wurin

Mutum yana aiki a Wuse ko Garki, amma kwanansa a Kubwa, Lugbe ko Mararaba. Da daddare oga ya kira yana neman wata takarda, ita kuma tana cikin kwamfutar da ke kan tebur a ofis, an riga an kulle ƙofa, mai gadi ya tafi da makulli. Maganin wannan shi ne a saita kwamfutar yadda za ka buɗe ta daga inda kake, allonta ya bayyana a gabanka, ka yi aikinka ka rufe.

Hanyoyin iri biyu ne, kuma ya kamata ka san bambancinsu kafin ka ɓata lokaci. Akwai ta leƙen allo, wadda ke nuna maka abin da ke buɗe a kwamfutar a daidai wannan lokacin. Irinta tana buƙatar wani ya riga ya shiga da kalmar sirri. A garin da ake ɗauke wuta, wannan ba ta kai ka ko'ina: wuta ta tafi, kwamfuta ta mutu, wuta ta dawo, ta tashi ta tsaya tana jiran wanda zai shiga, kai kuma kana Kubwa. Ta biyun ita ce wadda ke kawo maka allon shiga har inda kake, ka rubuta sunanka da kalmar sirrinka da hannunka. Ita za mu saita, da wata manhaja kyauta mai suna xrdp a kan Ubuntu, wato wani nau'in Linux da ake girka wa kwamfuta a madadin Windows. Tana magana da yaren RDP na Microsoft, shi ya sa kowace kwamfutar Windows ke iya haɗuwa da ita ba tare da an girka mata komai ba.

Abubuwan da za ka tanada

- Kwamfutar ofis mai Ubuntu 22.04 ko 24.04. Ba sai sabuwa ba. Tsofaffin Dell da HP na tebur da ake sayarwa a Banex Plaza suna yi sarai. RAM 4GB zai ɗauka, amma 8GB ya fi daɗin aiki.
- Abin da za ka shiga da shi: laftof mai Windows, ko wayar hannu.
- Intanet a ɓangarorin biyu. A ofis a jona kwamfutar da rauta ta kebul in da hali.
- UPS ko inbata. Rautar ma a jona ta a kai, mutane da yawa suna mantawa da ita.
- Asusu mai ikon sudo a kwamfutar, wato ikon canja saitinta, da adireshin Gmail ko na Microsoft da za ka yi rajistar Tailscale da shi, manhajar da za ta haɗa ka da ofis daga waje (mataki na 5).

In kwamfutar ba taka ba ce, ka nemi izinin mai wurin tukuna. Sannan duk aikin a ofis za ka yi shi, na'urorin biyu suna gefe da gefe. Kada ka ce za ka ƙarasa rabin daga gida.

In Windows ce a kan kwamfutar ofis ɗin, duba wace iri ce. Windows Pro tana da abin a jikinta: Settings, System, Remote Desktop, ka kunna. Sai ka yi mataki na 1, ka tsallake zuwa na 4 da na 5. Windows Home kuwa tana iya shiga wata kwamfutar, amma ba a shigarta ta wannan hanya.

1. Fara da wuta, ba da manhaja ba

Nan ne yawancin saitin ke lalacewa, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Kwamfutar da ba ta kunne babu manhajar da za ta shige ta.

Kashe ta, ka sake kunnawa kana danna F2 in Dell ce, F10 in HP ce, har ka shiga BIOS, wato allon saitin injin kwamfutar da ke fitowa kafin Ubuntu ko Windows ta tashi. Nemi sashen wuta. A Dell sunan abin AC Recovery, a HP za ka ga After Power Loss. Zaɓi uku ake bayarwa: ta zauna a kashe, ta koma yadda take kafin a ɗauke, ko ta kunna kanta. Zaɓi Power On. Na tsakiyan yana ruɗin mutane don yana kama da mai hankali, amma in wani ya kashe ta da hannu ranar Juma'a da yamma, haka za ta zauna har Litinin. In ka ga saitin agogo ko wannan zaɓin yana gogewa duk lokacin da aka zare wuta, ƙaramin batirin cikin allon uwa ne ya mutu, wato CR2032. Ba shi da tsada, masu gyaran agogo ma suna da shi.

Sai barci. Ubuntu tana iya kwantar da kwamfuta in ta ga an daɗe ba a taɓa ta ba, kuma mai barci ba ta amsa kira. Buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka hana ta gaba ɗaya:

`sudo systemctl mask sleep.target suspend.target hibernate.target hybrid-sleep.target`

In laftof ce za ka bari a ofis, buɗe fayil ɗin `/etc/systemd/logind.conf`, ka nemi layin HandleLidSwitch, ka cire alamar # da ke gabansa, ka mayar da shi `HandleLidSwitch=ignore`, don rufe murfin kada ya kwantar da ita. Laftof tana da wani alheri a nan, batirinta ya zama UPS ɗinta.

Abubuwa biyu kuma. In lokacin girka Ubuntu an zaɓi a kulle faifan gaba ɗaya, to duk tashin da za ta yi sai ta nemi kalmar buɗe faifai kafin ta kai ga intanet, kuma sai wanda ke gabanta ne zai rubuta. Irin wannan kwamfutar dole ka dogara ga inbatar da ba ta yankewa. In kuma Wi-Fi kake amfani da shi, shiga saitin haɗin ka tabbata an sa alama a Make available to other users. In ba haka ba, ba za ta kama Wi-Fi ba sai wani ya shiga, ka ga an koma gidan jiya.

2. Girka xrdp da tebur mara nauyi

`sudo apt update`

`sudo apt install xrdp xorgxrdp xfce4 openssh-server`

In wani shuɗin allo ya fito yana tambayar ka zaɓi tsakanin gdm3 da lightdm, bar shi a gdm3, don mai zama a gaban kwamfutar ya ci gaba da ganin abin da ya saba.

Tebur a nan shi ne fuskar allon da kake buɗe tagogi a kai. XFCE muka ɗauko saboda teburin Ubuntu na asali, GNOME, yana da ado da motsi da yawa, kuma kowane motsi a allo data ne ke tafiya. XFCE ba ta da kwalliya, amma a kan layin da ke hawa da sauka ita ce ke ba ka damar yin rubutu ba tare da jiran haruffa su iso ba. Shi kuwa openssh-server ƙofar baya ce, za ka ga amfaninta nan gaba.

Sai ka ba xrdp izinin karanta makullin da take ɓoye bayanai da shi, ka kunna ta:

`sudo adduser xrdp ssl-cert`

`sudo systemctl enable --now xrdp`

`sudo systemctl restart xrdp`

Duba da `systemctl status xrdp`. In ka ga active da koren rubutu, tana aiki.

3. Yanke shawarar asusun da za ka riƙa shiga da shi

Ga dokar da ba a faɗa wa sabon shiga: asusu ɗaya ba ya buɗe tebur biyu a lokaci guda lafiya. In ka bar asusunka a buɗe a ofis, ko da allon a kulle yake, sannan ka shiga da shi daga gida, baƙin allo za ka gani, ko taga ta buɗe ta rufe nan take. Kulle allo daban, fita daban. Abin da ake so shi ne Log Out.

In kai kaɗai ke amfani da kwamfutar, yi amfani da asusunka na kullum, duk fayilolinka suna nan. Sharaɗin kawai ka riƙa fita kafin ka tashi daga aiki. Ka kuma shiga Settings, sashen Users, ka kashe Automatic Login, domin in yana kunne, duk lokacin da kwamfutar ta tashi ita da kanta za ta shiga asusunka ta tare maka hanya.

In kuwa akwai sakatare ko wani abokin aiki da ke zama a kanta da rana, buɗe asusu na musamman:

`sudo adduser nesa`

Da wannan kai da shi za ku iya aiki a lokaci ɗaya, babu mai ganin allon wani. Sai dai Ubuntu ba ta barin wani asusu ya leƙa babban fayil ɗin wani, don haka ku ware wuri ɗaya na takardun da kuke tarayya a kansu. Ni na fi son wannan tsarin ko da mutum ɗaya ne, domin mantuwa ba ta hana ka shiga.

Kowanne ka zaɓa, daga cikin wannan asusun za ka gaya wa xrdp teburin da za ta buɗe. In sabon asusu ne, fara da `su - nesa`, sannan:

`echo xfce4-session > ~/.xsession`

Kada ka sa sudo a gaban wannan layin. Kuma kula da ɗigon da ke gaban xsession, in babu shi fayil ɗin bai da amfani.

Maganar kalmar sirri: ta yi tsawo, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun fi sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa. Amma ka guji alamar @ da alamar zance a cikinta. Laftof da yawa da ke kasuwa daga Ingila aka kawo su, kuma a madannan Ingila waɗannan alamomin biyu sun yi musayar wuri da na Amurka. Sai ka rubuta daidai, allon shiga ya karɓi wata alamar daban, ya ce ka yi kuskure, kai kuma ba ka ganin abin da ka rubuta. Haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ ma a bar su a waje.

4. Gwada a cikin ofis tukuna

A kwamfutar Ubuntu rubuta `hostname -I`. Za ta ba ka lamba mai kama da 192.168.0.105. Fita daga asusun in shi za ka gwada. A laftof ɗinka, wadda ke kan rauta ɗaya da ita, danna madannin Windows tare da R, rubuta `mstsc`, ka sa lambar, ka danna Connect.

Gargaɗi zai fito cewa ba a tantance kwamfutar ba. Dalili shi ne takardar shaidar ita ta yi wa kanta, ba wata hukuma ta ba ta ba. Tunda taka ce, amsa da Yes. Daga nan ƙaramin akwati zai bayyana a tsakiyar allo mai gurabe uku: Session, username, password. Bar na farko a Xorg. Suna da ƙananan baƙaƙe ake rubuta shi, Linux tana bambanta Nesa da nesa. In teburin XFCE ya fito, ka gama rabin aiki.

Mai waya ya sauke manhajar Microsoft ta Remote Desktop, wadda yanzu ake kira Windows App. Mai Linux a gida ya yi amfani da Remmina.

5. Hanyar shigowa daga waje

Lambar nan mai farawa da 192.168 a cikin ofis kawai take aiki. Tsofaffin bayanai za su ce ka shiga rauta ka buɗe ƙofa mai lamba 3389, wadda RDP ke bi, ka karkata ta zuwa kwamfutar. Kada ka yi, saboda dalilai biyu.

Na farko, galibi ba zai ma yi aiki ba. Rautocin da ke amfani da layin waya, irin na MTN ko Airtel, ba sa samun adireshin kansu a intanet. Kamfanin yana haɗa kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai ɗakuna talatin da lamba ɗaya a bakin ƙofa: na ciki yana fita yadda ya so, amma baƙo ba shi da yadda zai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa. In kana son tabbatarwa, duba adireshin WAN, wato wanda kamfanin layin ya ba rautar, a shafin saitinta. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, kana cikin irin wannan gidan.

Na biyu ya fi muhimmanci. Ƙofa 3389 tana cikin waɗanda ɓarayin intanet suka fi nema, na'urorinsu suna zagayawa dare da rana suna gwada sunaye da kalmomin sirri. A shekarar 2019 an gano wata ɓaraka a RDP na tsofaffin Windows, aka sa mata suna BlueKeep, wadda ke ba maharin damar shiga ba tare da kalmar sirri ba. Ko da kana da adireshin kanka, ba ƙofar da ake bari a buɗe ba ce.

Mafita ita ce Tailscale. Tana haɗa na'urorinka a wata keɓaɓɓiyar hanya da aka gina a kan WireGuard, kowacce ita ke fita ta nemo 'yar'uwarta, don haka ba ruwanka da rauta. Kyauta ce ga mai amfanin kansa, amma kamfani ya duba sharuɗɗansu. A kwamfutar ofis:

`sudo apt install curl`

`curl -fsSL https://tailscale.com/install.sh | sh`

`sudo tailscale up`

Za ta ba ka wani adireshi, ka buɗe shi a burauza ka shiga da Gmail ɗinka. Girka Tailscale a laftof ko wayarka, ka shiga da wannan asusun dai, ba wani ba. Sannan `tailscale ip -4` a kwamfutar ofis zai nuna maka lamba mai farawa da 100. Ita za ka riƙa sa wa a mstsc daga yau, kuma ba ta canjawa ko an sauya rauta ko layi.

Wani abu da ke kama mutane bayan sun manta da saitin: Tailscale tana sa makullin kowace na'ura ya ƙare bayan kwana 180, sai an sake shiga. Je shafin gudanarwarsu, sashen Machines, danna ɗigo ukun da ke gefen kwamfutar ofis, ka zaɓi Disable key expiry. In ofis ɗin Windows ce, ka kuma kunna Run unattended a manhajar, don ta yi aiki kafin kowa ya shiga.

6. Rufe sauran ƙofofi

`sudo ufw allow in on tailscale0 to any port 3389 proto tcp`

`sudo ufw allow in on tailscale0 to any port 22 proto tcp`

`sudo ufw enable`

Yanzu ko baƙon da aka ba Wi-Fi na ofis ba zai ga allon shigarka ba. Lambar 192.168 ta daina aiki a mstsc, kada ka ɗauka wani abu ne ya lalace.

7. Gwajin gaskiya

Cire laftof ɗinka daga Wi-Fi na ofis, ka kunna mata data daga wayarka, don ta zama tana waje. Kashe kwamfutar ofis yadda ya kamata, ka zare wayar wutarta da ta rautar daga bango, ka jira kamar minti ɗaya, ka mayar. Kada ka taɓa maɓallin kunnawa, kada ka taɓa madannai. Ba ta minti uku zuwa biyar, domin rauta ta fi kwamfuta jinkirin kama sabis. Sai ka gwada shiga da lambar 100 ɗin. In allon shiga ya fito, ka gama. In bai fito ba, gara ka gano yanzu kana iya miƙa hannu ka taɓa ta.

8. Rage cin data

A mstsc danna Show Options. A shafin Display rage launi zuwa 16 bit, ka rage girman allo in laftof ɗinka mai manyan ƙwayoyi ce. A Experience cire hoton bango da motsin tagogi. A XFCE ma sa bango mai launi ɗaya. Rubutu da lissafi ba sa cin komai, bidiyo ne ke shanye data, don haka kada ka kalli YouTube ta cikin kwamfutar ofis. In kana son kwaso fayil, a Local Resources danna More ka zaɓi faifanka, zai bayyana a can cikin wani babban fayil mai suna thinclient_drives.

In ba ka son xrdp

Ubuntu 24.04 ta zo da GNOME 46, wanda ke da nasa tsarin: Settings, System, Remote Desktop, shafin Remote Login. Ka kunna, ka sa suna da kalmar sirri na haɗin, in ka shigo sai ka ga ainihin allon shigar Ubuntu da jerin masu asusu. Ya fi kyan gani kuma babu girke-girke. Kada ka ruɗe da shafin Desktop Sharing da ke kusa da shi, wannan leƙen allo ne. Kada kuma ka kunna Remote Login tare da xrdp, dukkansu ƙofa 3389 suke so. Abin da ya sa ban fifita shi ba: a wannan sigar in sabis ya yanke, zaman ya tafi da abin da ba ka adana ba, sai a GNOME 47 aka gyara hakan. A xrdp kuwa in ka dawo za ka tarar da takardarka a buɗe inda ka bar ta.

In abu ya ƙi

Baƙin allo bayan ka sa kalmar sirri: kusan kullum asusun ne a buɗe a ofis. Nan ƙofar baya ke amfani. Buɗe PowerShell a laftof, rubuta `ssh sunanka@` haɗe da lambar 100 ɗin, da asusun da ke da ikon sudo, sannan `sudo loginctl terminate-user` da sunan asusun da ya maƙale. Wannan yana rufe duk abin da asusun ya buɗe, abin da ba a adana ba ya tafi.

Login failed: suna ko kalmar sirri, sai ka tuna maganar madannan Ingila da Caps Lock. Akwatin da ke neman kalmar sirri don saita launi: danna Cancel, ba ya hana aiki. In mstsc ta ce ba ta samu kwamfutar ba sam, duba manhajar Tailscale. In ɗigon kwamfutar ofis ba kore ba ne, matsalar wuta ce ko data ta ƙare a rauta, ba xrdp ba. Ka sa ranar ƙarewar datar ofis a kalandar wayarka. In kore ne amma ba ta amsawa, shiga ta ssh ka yi `sudo systemctl restart xrdp`, ka karanta layukan ƙarshe na `/var/log/xrdp-sesman.log`, yawanci dalilin yana rubuce a wurin.

Idan ka gama aiki daga gida kuma gobe da wannan asusun za ka zauna a gaban kwamfutar, ka yi Log Out daga cikin XFCE. Rufe tagar mstsc kawai yana barin zaman a raye, kuma da safe shi zai hana ka shiga a ofis.